Daidai Ruwa, Daidai Jirgi

A arewacin birnin Miyami, a jihar Fulorida ta Amurka, akwai wani gajeren titi mai lamba 188 wanda ya ƙare a bakin ruwa. A kan wannan titi ne Don Aronow ya yi ta kafa masana'antun jiragen gudu ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon shekarun 1960: Formula, sai Donzi, sai Magnum, sannan Cigarette, wanda sunansa ya bi duniya har ya zama sunan duk wani siririn dogon jirgi mai tsaga teku. Mutumin da ya ƙera ɗan ƙaramin Donzi mai tsawon ƙafa 16, shi ne kuma ya ci kambun tseren teku na duniya a 1967 da 1969 da jiragen da suka fi wancan girma nesa ba kusa ba. Ya san kowanne da ruwansa. Wannan sanin ne ya fi burge ni a harkar nan, fiye da rurin inji da ƙyallin fenti.

Idan mai saye ya zo wurin tsohon hannu yana ruwan ido tsakanin jirgi mai ƙafa 28 da mai ƙafa 38, da wuya tsohon hannun ya fara da zancen gudu. Abin da zai fara tambaya shi ne, “Yallaɓai, a wane ruwa za ka tuƙa shi?” Daga amsar nan sauran lissafin yake fitowa.

Ga dalili. Igiyoyin ruwa suna da tsayi, suna kuma da tazara a tsakaninsu, kuma tazarar ce ta fi damun jirgin gudu. Dogon jirgi yana iya ɗora ƙirjinsa a kan igiyar gaba tun gindinsa bai bar ta baya ba, sai ya riƙa taka kawunansu kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Gajeren jirgi kuwa faɗawa yake yi cikin ramin da ke tsakaninsu. Ya hau, ya tashi sama, ya faɗo tim, ƙashin bayan duk wanda ke ciki ya ji a jikinsa. Idan aka yi rashin sa'a goshinsa ya soki igiyar da ke gaba, ruwa ya rufe shi a cikin gudu, to, nan fa ake karya gilashi da haƙarƙari. Saboda haka gwani ba ya kallon ruwa yadda ni da kai muke kallonsa. Zai tsaya a gaɓa ya kanne ido, yana auna tazarar da ke tsakanin wannan farin kumfa da wancan, yana ɗora tsawon jirgi a kai a cikin zuciyarsa. Telan da ya goge ma haka yake yi wa mutum awo da ido kafin ya ɗauko tef.

Kowane ruwa da halinsa. Tafkin Iri, wanda shi ne mafi ƙarancin zurfi cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, igiyoyinsa gajeru ne masu tsini, a cunkushe. Tafkin Ozak na jihar Mizuri madatsa ce aka yi, amma a ranakun hutu manyan jiragen shaƙatawa suna dama shi, igiyoyin su daki duwatsun gaɓa su dawo, su gauraya ta kowace fuska. Shi ya sa masu jirage a can suke son dogo duk da cewa ba teku ba ne. A tafkin Habasu kuwa, kan iyakar Arizona da Kalifoniya, ruwan ya fi kwanciya, kuma jiragen da ba su kai ƙafa 30 ba suna cin karensu babu babbaka. Wanda kuma yake mafarkin ƙetarawa daga Miyami zuwa tsibirin Bimini, tafiyar kimanin mil 50, dole ya ratsa wani ƙaƙƙarfan kwararon ruwa da ke gudu zuwa arewa. Ranar da iska ta taso daga arewa ta yi karo da shi, igiyoyin miƙewa suke tsaye kamar katanga.

A cikin wannan ruwan ne ma aka tabbatar da sirrin gindin jirgi. A 1960 Dick Bertram ya shiga tseren Miyami zuwa Nasawu da wani jirgin katako mai kimanin ƙafa 30, mai suna Moppie, wanda Ray Hunt ya zana. Tekun ya yi fushi a ranar, amma Moppie ya isa ya bar sauran a baya da tazara mai nisa. Hunt ya yi wa gindin jirgin tsini kamar bakin gatari tun daga goshi har baya, kowane gefe ya tashi da kusurwa mai digiri 24. Maimakon ya mari ruwa, sai ya yanka shi. Har yau wannan adadi na 24 shi ne ma'aunin da ake kwatanta jiragen teku masu gudu da shi.

Sai dai tsinin nan yana da farashi, kuma ƙaramin jirgi ne ya fi biya. Idan gudu ya yi gudu, jirgin yakan ɗago har ya zamana ɗan siririn ƙasan gindinsa kaɗai ke taɓa ruwa, kamar a tsayar da wuƙa a kan kaifinta. Sai ya fara tangal-tangal, ya kwanta dama, ya kwanta hagu, kowane kwanciya ya fi na baya. Mai inji ɗaya ya fi fama da wannan, domin juyin farfela ɗaya yana karkatar da jirgin gefe guda. Ƙwararren matuƙi yana jin abin a mazauninsa kafin ido ya gani. Zai riƙa ɗan taɓa sitiyari da wuyan hannu, kaɗan-kaɗan, a kan kari, yana tarar kowane karkata kafin ya girma. Idan abin ya ƙi, ya sassauta totur a hankali, ba ya saki gaba ɗaya. Mai inji biyu, wanda farfelolinsa ke juyawa ɗaya dama ɗaya hagu, ya fi zama daram.

A nan ne nake ganin masu cewa babba ya fi a kowane hali sun yi gaggawa. Jirgi mai ƙafa 24 ko 28 makaranta ce. Mil 65 a sa'a a cikinsa ya fi mil 85 a cikin mai ƙafa 42 sa jini ya motsa, domin kana kusa da ruwan, kuma duk kuskuren da ka yi zai faɗa maka nan take. Babban jirgi yana rufa wa matuƙi asiri. Yana haɗiye kurakurai har mutum ya ɗauka ya iya, ranar da kuskuren ya fi ƙarfin jirgin kuwa, gudun ya riga ya kai inda gyara ke da wuya. Shi ya sa kamfanonin inshora a Amurka sukan tambayi irin jiragen da mutum ya taɓa mallaka, wasu ma su ce sai ya yi kwas ɗin tuƙi kafin su karɓi jirginsa. Sun fi tsananta wannan ga jirage masu gindi biyu, waɗanda iska ke bi ta tsakaninsu tana ɗaga su, domin sun fi gudu, kuma idan iskar ta yi yawa a ƙarƙashi tana iya kifar da su ta baya.

Sauran lissafin a tudu yake, ba a ruwa ba. A yawancin jihohin Amurka, tirelar da faɗinta ya wuce ƙafa 8 da rabi sai da takardar izini take hawa titi. Wannan doka tana cikin abin da ya sa jiragen nan suke ƙara tsawo amma faɗinsu yana nan kusa da ƙafa 8. Nauyi ne ke hauhawa. Mai ƙafa 28 motar ɗaukar kaya ta gida za ta ja shi, mutum ɗaya da ɗansa su saukar da shi ruwa da safe, su fitar da shi da yamma. Mai ƙafa 38 ya kai tan 4 zuwa 5 tun ba a zuba masa mai ba, sai babbar mota, sai wurin ajiya na haya. Ga kuma shan mai: injin fetur na ruwa, idan aka taka shi iya ƙarfinsa, yana shan wajen galan ɗaya a sa'a kan kowane ƙarfin doki goma. Injina biyu masu doki 500 kowanne sun tasam ma galan 100 ke nan, kusan lita 380 a sa'a guda. Inji biyu kuma hidima biyu ce wurin bakanike.

To, gwani yana ɗora duk waɗannan a ma'auni ɗaya, sannan ya ƙara wasu tambayoyin da mai saye bai zata ba. Mutum nawa ne za su riƙa shiga? Uwargida tana son bugun ruwa, ko daga fita ɗaya za ta ce ta yafe? Sau nawa a shekara za ka fita tsakiyar teku da gaske, ba a baki ba? Idan amsar ita ce sau biyu, sauran ranakun kuma a lafaffen tafki ne, ba zai bari ka sayi jirgin ranaku biyu ka yi ta ciyar da shi shekara guda ba. Idan kuma gidanka a bakin tafkin Iri yake, ba zai yi maka kara ba: zai ce ƙafa 28 ba za ta ishe ka ba, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗi.

Kuma ba ya yarda a yi gwaji da sassafe lokacin da ruwa ke kwance kamar faranti. Jira yake sai la'asar, iska ta taso, jirage sun dama ruwan. Ya fita da mai saye, ya fuskanci igiyoyin, ya juya ya ba su gefe, ya sake juyawa su biyo shi ta baya. Sannan ya matsa gefe ya ce, “Bismilla, karɓi sitiyari.” Shi kuma ya riƙe ƙarfen da ke gabansa, idonsa a kan hannuwan mutumin, yana duba ko sun saki jiki ko sun ƙanƙame.