Ɗakin Laka, Rufin Gwangwani

A ƙauyukan Sarkin Yamma da ke gundumar Madarunfa, da wuya gwangwani ya kwana a juji. Na tumatir, na madara, na kifi, duk yara sun san amfaninsu. An fi saninsu da ƙera mota, amma wasan da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na ɗan ɗakin laka da ake yi wa rufi irin na kwano, wanda a Nijar aka fi kira tol.

Aikin ba na garaje ba ne. Yaro zai cire kan gwangwanin da gindinsa, ya tsaga shi, ya daddale da dutse har ya miƙe. In ya bar shi haka, ko iska ma ta ishe shi lanƙwashewa. Sai ya jera ƙusoshi a ƙasa, ya ɗora fallen a kai, ya riƙa dannawa tsakaninsu har kunyoyi su fito kamar na gona. Nan take ƙarfen da ke lilo ya tsaya ƙyam. Wannan dabarar ce Henry Palmer ya yi wa rajista a Landan a 1829, sannan a 1837 Stanislas Sorel na Faransa ya zo da shafen tutiya mai hana tsatsa. Yaron bai san sunansu ba, yatsunsa ne suka kai shi inda suka kai.

Abin da yaro ya zaɓa ya kwaikwaya, shi manya ke kira gida. Da, jinka ce da shigifa mai azara. Yanzu azarar giginya ta yi tsada, gara tana cin itace, yaɓe kuwa sai an sake shi kafin kowace damina. Shi ya sa ɗan ci-rani idan ya dawo da ƴan kuɗi, bandir ɗin tol yake fara tambaya a kasuwar Maraɗi. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana tara ɗigon ruwa da ƙwarya ya san dalili.

Sai dai ɗakin wasan yana koyar da rabin labari ne kawai. Yaro zai zuba ruwa da buta, ya ga yana bin kunya yana sauka, ya yi tsalle. Har ƴan tsakuwa yake ɗorawa a kai, yadda ya ga manya suna danne rufi da tubali saboda iskar farkon damina. Amma ba mai kwana a ciki. Ba ya jin abin da mai jego ke ji a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tol ya mai da ɗaki tanda, dole a fito da jinjiri gindin bedi.

Kuma ba a rasa wata hanya ba. Tun 1980 aka fara ginin da ba itace a Cikal, ƙasar Filinge, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar tubalin laka, ba azara, ba tol, ga sanyi. An horar da magina da dama a Nijar a kan wannan gini. Laka tana nan a bakin gulbi, hannun yaran nan kuma ya iya ta. Ina marmarin ganin magini ɗaya ya tsuguna cikinsu da ƴan ƙananan tubala, ya nuna musu yadda ƙubba ke riƙe kanta.