Baturiyar Da Ta Bi 'Yan Talla

Yau kan wani rubutu zan yi magana, wanda 'yata ta kawo daga jami'a, ta zauna tana fassara mini da daddare har tuwona ya huce ban sani ba.

Mai rubutun wata Ba'amurkiya ce, Enid Schildkrout, wadda ta yi aiki a wani babban gidan tarihi na birnin New York. Ta zo Kano a shekarun 1970, ta yi bincikenta a Kurawa da Ƙofar Mazugal, rubutun ya fito a 1978. Wasu Turawan in sun zo, marinar Ƙofar Mata suke nufa, su ɗauki hoto su yi gaba. Ita kuwa yara ta bi. Duk inda farantin talla ya nufa, nan hankalinta yake.

Wallahi ta gane mu. Ta ce matar kulle ba zaman banza take ba, sana'a take yi daga tsakar gida, kuma kuɗinta nata ne, ba na miji ba. Namiji baligi ba ya shiga gidan wani, matar aure ba ta fita, to yaro ne ke ratsa tsakani: shi ne ƙafar uwarsa, shi ke sayo cefane, ya kai kuɗin adashi, ya dawo da labarin unguwa. Ta kuma lura cewa ribar tallan yarinya a kayan ɗakinta take ƙarewa. Da aka zo nan sai na ɗaga kai na dubi kwallayen da ke saman sif ɗina. Ta hango cewa makarantar kyauta ta UPE da aka fara a 1976 za ta taɓa jarin iyaye mata, tunda yaron da ke aji ba ya yawo da faranti. Nan ma ba ta yi ƙarya ba.

Amma fa akwai inda na yi tsaki. A ganina ta fi jin muryar uwa da lissafin kwabo, alhali ni ce yarinyar nan. Ina shekara 9 nake ɗaukar alala daga gidanmu zuwa bakin Kasuwar Kurmi. Makaranta sai ranar da Inna ba ta yi ƙullu ba. In ciniki ya yi giɓin sule guda, a bakin zaure nake tsayawa har magariba don tsoron shiga. Abin da wasu maza ke faɗa wa 'yar talla kuwa, in sun ce ta shigo da farantin ciki, ko Inna ban taɓa gaya wa ba, balle baƙuwa mai biro da takarda. Ba na ganin laifinta sosai. Baƙo abin da aka nuna masa yake gani, mu kuwa kunya ta hana mu nunawa.

Yanzu maƙwabciyata ta WhatsApp take sayar da turaren wuta, mai adaidaita sahu ya kai wa mai saye, 'ya'yanta na makaranta. Amma jiya da hantsi, ranar Talata, na ƙirga yara mata biyar da farantai a bakin Ƙofar Nassarawa. Ƙaramarsu ko ɗaurin zani ba ta gama iyawa ba.