Sikelin da Bature Ya Auna Basirar Yara da Shi

Akwai wani bincike da malaman boko ke yawan kafa hujja da shi, mun ga ya dace mu ɗora shi a sikeli, tunda namu 'ya'yan ma ɗalibai ne. A 1992 wata malama a Jami'ar Edinburgh, Halla Beloff, ta sa ɗalibanta kowa ya yi wa kansa kintacen makin basira, irin awon nan da matsakaicinsa 100 ne. Samari suka ba kansu maki sama da wanda 'yan mata suka ba kansu. Aka ce to ku auna iyayenku, sai aka fifita uba a kan uwa. Daga baya Adrian Furnham na Landan ya maimaita tambayar a ƙasashe da yawa, a 1998 kuma ya nuna iyaye a Ingila sun fi ba 'ya'yansu maza maki fiye da mata.

Abin da aka auna kenan: farashin da mutum ya sa wa kansa. Duk ɗan kasuwa kuwa ya san kuɗin da mai kaya ya yanka daban, darajar kaya daban. Wannan shi ne ƙarfin binciken, domin a gwajin basira na zahiri maza da mata kusan kunnen doki suke yi.

Amma muna da ja. Na farko, yawancin waɗanda aka tambaya 'yan jami'a ne, yaran da tun farko gidansu ya iya kai su can. Ɗan mai dako da 'yar mai tuwo ba su shiga lissafi sosai ba, alhali asali na cikin abin da ake son ganewa. Yaron da ya ce babansa ya fi mamansa basira, ƙila takardar shaida da albashi yake kallo. Na biyu, kuma shi ya fi damun mu, tambayar ba ta san kunya ba. Ka tsayar da 'yar Sabo ka ce ke nawa ne basirarki, wallahi sunkuyar da kai za ta yi ta ce ba ta iya komai ba, ko da ita ce ta ɗaya a aji. Tarbiyya ce ta yi magana. Mai takardar tambaya kuwa sai ya rubuta cewa ta raina kanta.

Sai dai kada mu fake da kunya mu ce ba ruwanmu. A 2017 mujallar Science ta buga wani bincike a kan yaran Amurka masu shekara 5 zuwa 7. A shekara 5, mace da namiji kowa jinsinsa yake zaɓa idan an ce wa ya fi kaifin ƙwaƙwalwa. Daga shekara 6 sai 'yan mata suka fara janyewa, duk da sun yarda mata ne ke cin jarrabawa da kyau. Wannan ya fi na farko nauyi a wurinmu, don yarinya 'yar shekara shida ba tawali'u take yi ba, abin da ta ji a gida take maimaitawa. Mu ma ai haka bakinmu yake: yaro ya ci, mu ce akwai ƙwaƙwalwa, yarinya ta ci, mu ce akwai natsuwa da ƙoƙari. Ɗan gidan malamai ya yi tuntuɓe a karatu, mu ce zai warware, gado ne. Ɗan mahauci ya yi, mu ce a kai shi kasuwa.

Akwai kuma abin da babu ɗaya cikin binciken nan da ya taɓo. Yaron unguwar nan yana ciniki da Yarabanci, yana wasa da Buroka, yana hira da Hausa, da yamma ya biya allo da Larabci. Jarrabawarsa ta WAEC kuwa, in ka cire darasin harshe, da Turanci ake yin ta, kuma da ita kaɗai yake auna kansa. Shi ya sa za ka ji mai harshe huɗu yana cewa shi daƙiƙi ne, iyayensa kuma su gyaɗa kai.