GANAU KO JIYAU? Sharhi a Kan Labaran Masoya Kiɗan Rok

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, malaminmu na adabin baka ya umarce mu da kowa ya je garinsu ya tattaro labarin wani wasa da wani makaɗi ya taɓa yi a can. Na sami dattawa uku, kowannensu ya tabbatar mini yana wurin a daren da ake magana. Na farko ya ce a ƙofar fada aka yi wasan. Na biyu ya ce a filin makaranta ne. Na uku kuwa cewa ya yi ruwan sama ne ya tashi taron, alhali sauran biyun sun ce da rani aka yi. Na dawo makaranta raina a jagule, ina tambayar kaina wane ne ya shara mini ƙarya a cikinsu.

Da na kai kuka wurin abokin ɗakina, wanda ba ya rabo da tsofaffin waƙoƙin Turawa, sai ya yi dariya. Ya ce in zo in ga yadda abin yake a wurin mutanen da suke da faifai da na'urar ɗaukar hoto tun tuni. Ya haɗa ni da finafinai da hirarrakin masoya kiɗan rok, na yi makonni ina bin su. Abin da na tsinta a ciki shi ne na kawo a wannan 'yar maƙala.

Rok dai kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna. Ya tsiro ne daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950, ya bunƙasa a Ingila da Amurka a shekarun 1960 da 1970. A farkon shekarun 1980 gidajen rediyon Amurka suka fara kiran waƙoƙin wancan zamani "kilasik", wato gangariyar da ba ta tsufa. Samarin da suka yi tashen kiɗan yanzu sun yi furfura, kuma hirarsu ba ta wuce abu biyu: "ai ina wurin", da kuma "namu ya fi naku". Waɗannan maganganu biyu nake so mu auna.

Wanda Ya Gani Bai Ji Ba

Ranar 15 ga Agusta, 1965, ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea na birnin Nuyok gaban mutum 55,600. Masoya suna sa wannan dare a sahun farko in ana lissafin manyan wasanni. To, amma me suka ji? Lasifikokin zamanin ba a yi su don taro irin wannan ba, ga kuma ihun 'yan mata ya cika filin tun daga farko har ƙarshe. Su kansu makaɗan da ƙyar suke jin junansu. Da aka zo haɗa fim ɗin wasan, sai da suka shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan cikin Janairun 1966 suka sake kaɗa wasu wurare, aka ɗora a kan hoton. A Agustan wannan shekara kuma suka daina yawon wasa ɗungurungum.

Saboda haka in wani dattijo ya ce muryoyinsu sun yi zaƙi a daren nan, sai mu tambaye shi: a filin ya ji zaƙin, ko a fim? Ya ga wasan da idonsa, babu musu. Amma kunnensa jiyau ne kamar nawa.

Taro Ɗaya, Labari Uku

Misali na biyu ya fi kama da na dattawan garinmu. Bob Dylan ya yi suna ne da waƙoƙin gargajiya, shi kaɗai da jitarsa ta katako. Ranar 25 ga Yuli, 1965, ya hau dandali a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jita mai lantarki da makaɗa a bayansa, ya yi waƙa uku, sai wasu suka yi masa eho. Har yau waɗanda suka halarta ba su daidaita a kan dalili ba. Wasu sun ce don ya saki hanyar gargajiya ne. Wasu sun ce sautin ne ya dagule, ba a jin baitocin. Wasu kuma sun ce jama'a sun yi fushi ne don wasan ya yi gajarta, ƙari suke nema. An ma daɗe ana yaɗa cewa tsohon mawaƙin nan Pete Seeger ya ɗauko gatari zai sare wayar lantarkin. Shi kuwa daga baya ya bayyana cewa faɗa kawai ya yi, cewa da yana da gatari da ya sare ta, domin ƙarar ta danne kalmomin waƙar. Ka ga yadda magana ta yi ƙafa ta zama aiki.

Bayan wata goma, ranar 17 ga Mayu, 1966, a wani zaure a Manchesta, wani mutum cikin taro ya ɗaga murya ya kira Dylan da sunan Yahuza, wato maci amana. Dylan ya mayar masa da cewa maƙaryaci ne. An naɗi wannan a faifai, amma faifan ya yi shekaru yana yawo a ɓoye da sunan wasan zauren Albert na Landan. Sai a 1998 kamfani ya fitar da shi a hukumance, lokacin an riga an tabbatar a Manchesta aka yi. Abin dariyar ma shi ne, daga baya mutum biyu daban suka fito, kowanne yana cewa shi ne ya yi ihun. Murya ɗaya ce a faifan.

Fim Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A bikin Woodstock kuwa fim ne ya kori gani. An yi bikin daga 15 zuwa 18 ga Agusta, 1969, a gonar wani mai kiwon shanu, Max Yasgur, a Bethel ta jihar Nuyok, mutum sama da 400,000 suka taru cikin ruwa da taɓo. In ka tambayi masoya abin da ya fi tsaya musu a rai, da yawa za su ambaci yadda Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka da jita, yana sa ta tana kuka kamar faɗuwar bom, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam. Amma Hendrix shi ne ya rufe taron, da safiyar Litinin, bayan mafi yawan jama'a sun kama hanyar gida. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka rage bai wuce 30,000 zuwa 40,000 ba. Sauran duniya a fim ɗin Michael Wadleigh na 1970 ta gan shi.

Wannan fim shi ne ya yanke hukunci a kan wanda za a tuna da wanda za a manta. Ƙungiyar Santana ba ta ma fitar da faifanta na farko ba lokacin da ta hau dandalin, amma fim ɗin ya ɗaga ta sama. Ita kuwa Creedence Clearwater Revival, wadda tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tashe a Amurka a shekarar, ta yi wasa da tsakar dare, shugabanta John Fogerty bai gamsu da wasan ba, ya hana a sa su a fim. Sakamakon haka mutane da yawa ba su ma san sun je ba. Sai a 2019 aka fitar da cikakken wasansu a faifai. Bugu da ƙari, waƙar da ta fi shahara a kan bikin, mai suna "Woodstock", Joni Mitchell ce ta tsara ta, ita kuwa ba ta taka gonar ba. A talabijin ta kalli labarin a ɗakin otal a Nuyok. Jiyau ce ta ba ganau bakin da yake ba da labari da shi.

Taron da Aka Manta

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa fim abokin gabar gaskiya ne. Ga ɗaya gefen. A wannan damina ta 1969, a unguwar Harlem ta baƙaƙen fata a Nuyok, an yi jerin wasanni a ranakun Lahadi, waɗanda aka ƙiyasta mutum kusan 300,000 sun halarta. Stevie Wonder ya yi wasa, da Nina Simone, da B.B. King, da Sly and the Family Stone, waɗanda su ma sun je Woodstock. Wani mai suna Hal Tulchin ya ɗauki hoton wasannin, amma bai sami mai saye a yi babban fim da shi ba. Kasakasan suka yi kusan shekara 50 a ajiye, har sai 2021 da aka fitar da fim mai suna "Summer of Soul", wanda ya ci kyautar Oska a 2022.

Wurin da ya fi taɓa ni a fim ɗin shi ne ƙarshensa. An nuna wa wani mutum hoton taron da ya halarta yana yaro ƙarami, sai ya fashe da kuka. Dalilinsa shi ne ya daɗe yana ɗauke da abin a ransa ba tare da wata shaida ba, har ya fara shakkar kansa. A nan ganau na gaskiya ne, amma da yake babu wanda ya naɗi labarinsa ya yaɗa, sai ya koma kamar mai mafarki. Woodstock ta sami masu kuɗin da za su mai da ita tarihi. Harlem ba ta samu ba.

Namu Ya Fi Naku

Yanzu sai magana ta biyu. Masoya rok ba sa gajiya da musu: Beatles ko Rolling Stones, Hendrix ko Eric Clapton. Amma duk inda musun ya kai, sukan haɗu a kan abu ɗaya, cewa bayan zamaninsu kiɗa ya mutu. Ban yarda da wannan hukunci ba, saboda dalili biyu.

Na farko, masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi tunawa, kuma ya fi so, shi ne abin da ya same shi tsakanin ƙuruciya da samartaka. Wanda ya ce babu waƙa kamar ta 1971, sau da yawa abin da yake nufi shi ne babu shekara kamar wadda ya cika ashirin. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haka kuma waƙoƙin da rediyo ke maimaitawa tacewa ce aka yi. Dubban waƙoƙi marasa daɗi na wancan zamani sun bi ruwa, sai ake gwada tsabar da ta rage da dussar yau.

Na biyu, jerin gwanayen da ake kawowa yakan fara ne daga tsakiya. Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Waƙar Led Zeppelin ta 1969, "Whole Lotta Love", sai da Willie Dixon ya kai ƙara a 1985 saboda an ɗebi baitocinsa, aka sasanta, aka sa sunansa a cikin masu waƙar. Chuck Berry da Little Richard da Sister Rosetta Tharpe su ne suka share hanyar. A gaskiya da yawa daga makaɗan Ingila ba su ɓoye wannan bashi ba. Masoya ne suka fi saurin mantawa. Wanda zai yi kirarin rijiya, ya kamata ya san wanda ya haƙa ta.

Duk da haka ba na goyon bayan masu raina kiɗan baki ɗaya. Ni da ba na jin kowace kalma, na saurari Hendrix na ji yadda yake sa jita ta yi magana, kuma duk wanda ya taso yana jin kalangu yana kiran sunan mutum ba zai rasa gane gwaninta a nan ba. Yabon ya dace. Abin da bai dace ba shi ne a rufe ƙofa a ce daga su babu wani.

Kammalawa

To, mene ne amfanin wannan duka ga ɗalibin Hausa? Da farko na ɗauka matsalar dattawan garinmu rashin na'ura ce. Yanzu na ga cewa inda na'ura ta yi yawa ma labari yana rabuwa gida uku. Mutum ba ya ajiye abin da ya gani kamar hatsi a rumbu. Duk lokacin da ya ba da labarin, sai ya sake gina shi da abin da ya ji daga baya, ba tare da nufin ƙarya ba.

Don haka na sauya yadda nake kallon aikina. In ina neman rana da wuri da jerin waƙoƙi, zan nemi faifai da takarda, in gwada bakin wannan da na wancan, in kuma tuna cewa faifan ma ana yi masa kwaskwarima, ana liƙa masa sunan garin da ba nasa ba. In kuwa ina neman sanin abin da wasan ya zama a zukatan mutane, to babu shaidar da ta fi bakin mai ba da labari, har da kurakuransa. Dattijon da ya ce ruwa ne ya tashi taron, da na koma na ƙara zama da shi, ashe a wani wasan daban aka yi ruwan, kuma a wannan daren ne ya fara ganin matar da ya aura. Dare biyu ya haɗa ya mai da su ɗaya. Na rubuta duka biyun a rahotona, kowanne a muhallinsa.

Darasin Harlem kuma namu ne kai tsaye. Akwai tsofaffi a garuruwanmu da suka ga manyan makaɗa da idonsu, kuma babu wanda ya taɓa zama ya naɗi muryarsu. 'Yan'uwa ɗalibai, hutu na tafe, kowannenmu yana da na'urar naɗar murya a aljihunsa. Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Wanda ya ga gyara, malami ko ɗalibi, filin mujallar nan a buɗe yake.