Skyrim da Iyakar Inji: Nazari kan Al'adar Ɗora wa Wasan Kwamfuta Kaya

Duk wanda ya taɓa buga Skyrim ya san yadda yake farawa. An ɗaure ka a keken doki tare da wasu fursunoni, ana gangarawa da ku zuwa garin Helgen, ba abin da za ka iya sai kallo. A wajen masu ɗora wa wasan mod, wato ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke ƙirƙira da hannunsu su cusa a ciki, wannan 'yar tafiya ta zama wurin gwaji. In lodi ya yi yawa, a nan ake fara gani: doki ya turje, keke ya kife ko ya yi sama, ko kuma wasan ya rufe kansa ba sallama. Tun ana gina wasan ma tafiyar ba ta da ƙwari. A 2021 Nate Purkeypile, wanda ya yi aiki a Bethesda, kamfanin da ya gina wasan, ya ba da labarin yadda keken ya riƙa tashi sama ba a san dalili ba, sai daga baya aka gano kudan zuma ne. An gyara kudan don ɗan wasa ya iya kama shi, sai injin ya ɗauke shi a matsayin abin da ba ya gusawa, keke na karo da shi sai ya yi tsalle.

Na kawo wannan ne domin mu san irin ginin da ake magana a kai. Skyrim ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma har yau ana ɗora masa kaya. An ƙara masa garuruwa da makamai da yanayin sama da dubban muryoyi, har wata ƙungiya mai suna SureAI ta gina wani wasa sukutum, Enderal, a kansa a 2016. Abin da nake son dubawa shi ne inda wannan al'ada ke cin karo da bango. Bangon kuwa iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya ci kuɗin mutane da yawa. Akwai gajiyar na'ura, wadda kuɗi ke magancewa. Akwai kuma iyakar injin wasan, wato manhajar da ke ƙarƙashinsa tana tafiyar da komai, wadda ko ka sayi kwamfutar da ta fi kowace tsada ba za ta motsa ba. Ƙofar gari ce: komai ƙarfin babbar motarka, faɗin ƙofar ne zai yanke abin da zai shiga.

Injin Skyrim, Creation Engine, jikan wanda aka gina Morrowind da shi ne a 2002, ta hanyar Gamebryo na Oblivion da Fallout 3. An tsara wasan ne ya gudana a Xbox 360 mai RAM megabayit 512 kacal, da PlayStation 3 da ta raba nata gida biyu, 256 da 256. Duk shawarar da injiniyoyi suka yanke, da wannan ƙunci a ransu suka yanke ta, kuma a lokacin sun yi daidai.

Iyakar da kowa ya fara haddacewa ita ce 255. Kowane abu a wasan, daga takobi har cokali, yana da lambar shaida mai gurbi takwas. Gurbi biyu na farko su ke nuna fayil ɗin da abin ya fito, kuma a lissafin kwamfuta gurbi biyun nan lamba 256 kawai suke ɗauka. An ware ta ƙarshe don abubuwan da ake haifarwa ana cikin wasa, saura 255, har da fayilolin wasan na asali. Wanda ya tsara wannan bai zaci wata rana mutum guda zai so fayil ɗari biyar ba. Da jama'a suka iso bangon sai suka koyi narka ƙananan mod da yawa su zama fayil guda. Ga kuma dokar jeri: idan mod biyu suka taɓa abu ɗaya, wanda aka loda daga baya shi ke rinjaye. Daga nan aka samu manhajoji irin su LOOT mai tsara jeri da xEdit mai nuna inda fayiloli suke saɓani. Mutum ya zo wasa, ya tsinci kansa yana koyon sulhunta bayanai, kuma da yawa daga nan suka fara sanin yadda manhaja ke aiki.

Inda labarin ya fi armashi a wurina shi ne batun RAM. Skyrim na asali manhaja ce mai bit 32, wadda ba za ta iya ganin fiye da gigabayit 4 ba ko da kwamfutar na da 32. Da farko ma gigabayit 2 kawai yake taɓawa, sai a Disambar 2011 kamfanin ya buɗe masa zuwa 4, kuma a aikace in ya haura 3 da ɗoriya sai ya faɗi. Boris Vorontsov, mai ENBSeries, ya fito da ENBoost, dabarar da ke kwashe wani ɓangare na kayan hoto zuwa wata manhaja ta daban don a rage wa wasan nauyi. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Mutane suna da RAM a zube, amma wasan na maƙalewa a allon lodi har abada, ko ya mutu da zarar an fita fili. An yi ta zargin wannan mod da wancan, an yi ta sauya kayan kwamfuta. Sai a farkon 2014 wani mai amfani da laƙabin Sheson ya gano inda gizo ke saƙar. Injin yana ware wani fili na megabayit 256 tun farko don abubuwan da ke kewaye da ɗan wasa, in filin ya cika kuma ba ya iya neman ƙari yadda ya kamata. Sheson ya faɗaɗa filin, matsalar da ta addabi jama'a sama da shekara biyu ta ragu ƙwarai, daga baya aka shigar da gyaran cikin SKSE, manhajar da manyan mod suka dogara da ita. Lamba ɗaya ce a cikin inji. Babu katin hoton da zai magance ta, sai mutum mai haƙuri da ya zauna ya bi sawu.

Gajiyar na'ura kuwa lissafinta a fili yake. Kowane dutse da bango da riga a wasan, hoto ne aka lulluɓa a kan siffa. Hoto mai faɗin ɗigo 2048 da tsawo 2048, in an matse shi da kyau, yana cin kusan megabayit 4 a katin hoto. In aka ninka shi zuwa 4096, wanda ake kira 4K, ba ninki biyu zai ci ba, ninki huɗu ne, megabayit 16, in ba a matse ba kuwa 64. Abu ɗaya kuma yakan buƙaci hoto biyu ko uku, na launi da na gurbi da tudu da na ƙyalli. Idan ma'ajiyar katin ta cika, sai a riƙa jigilar kaya tsakaninta da RAM, shi ne tsinkewar da ake ji in an juya kai da sauri. A nan ina da ƙorafi kan al'adar kanta. An mayar da 4K alamar inganci, har ana yi wa tuffa da kofi irin wannan hoto, alhali a kan allo tuffar ba ta cika faɗin farce ba. Ɓarnar wuri ce da ido ba zai taɓa gani ba.

Akwai kuma wata gajiyar da take yaudarar mutane, domin kamar ta katin hoto ce amma ta furosesa ce. Don wasa ya tafi sumul ana so a zana hoto 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci furosesa zai ba katin umarni kan abubuwan da za a zana, ɗaya bayan ɗaya, kuma a injin Skyrim yawancin wannan aiki layi guda yake bi. In aka cika garin Whiterun da ƙarin rumfuna da tukwane da fitilu da mutane, umarnin ya yi yawa, kati mai tsada zai zauna yana jira. Haka nan masu ƙara faɗin filin da ake lodawa. Injin na loda murabba'i 5 sau 5 a kewayen ɗan wasa, wato 25. In ka mayar da shi 7 ka koma 49, kusan ninki biyu, kuma ba itatuwa kaɗai ka tayar ba, har da maƙiya da al'amuran da bai kamata su fara ba sai ka iso. Wani abin mamaki, gudu ma matsala ne: lissafin motsi na Havok an ɗaure shi da hoto 60 a daƙiƙa, in kwamfutarka ta zarce haka sai kwanuka su fara tashi daga tebur, sai an sa wani gyara na musamman.

Mafi muni a cikin iyakokin nan shi ne wanda ke ɓuya a fayil ɗin ajiya. Abin da ya sa ake son wasannin Bethesda shi ne duniyarsu ba ta mantuwa: ka jefar da takobi a kogo, ka dawo ka tarar da shi. Amma kowane abin da aka tuna nauyi ne. Masu PlayStation 3 sun ɗanɗana wannan ba tare da mod ko ɗaya ba, domin da ajiyarsu ta girma wasan ya riƙa rarrafe, sai da kamfanin ya fitar da gyara a farkon 2012. A kwamfuta kuma rubutattun umarnin mod, da ake yi da harshen Papyrus, suna manne wa ajiyar. Ka cire mod a tsakiyar wasa, ragowar umarninsa na nan suna neman abin da babu. Injin kuwa ɗan mitsitsin lokaci yake ba Papyrus a kowane hoto, kashi 1.2 cikin dubu na daƙiƙa, don haka in umarni suka yi yawa sai su yi layi, ka danna abu ya daɗe bai amsa ba. Illar ba ta bayyana ranar da aka yi kuskure. Takan jira sai mutum ya zuba makonni a wasan.

A Oktoban 2016 aka fitar da Special Edition mai bit 64, bangon gigabayit 4 ya rushe. A 2017 aka kawo ƙananan fayiloli na ESL, waɗanda har 4,096 za su iya zama a gurbi guda. Jama'a suka cika sabon filin, suka iso wani bangon da a da ba mai zancensa: injin ba ya iya riƙe fiye da abubuwa 1,048,576 a lokaci guda. Masu na'urorin wasa kuwa an gindaya musu iyaka tun daga ƙofa, gigabayit 5 a Xbox One, 1 a PlayStation 4, kuma Sony ta hana shigo da sababbin hotuna da sauti daga waje. Ba Skyrim kaɗai ba ne. Minecraft ya daɗe da iyakar nau'in tubali 4,096, sai da aka sake tsarin a 2018.

Hukuncina kan wannan al'ada gida biyu ne. Ina ganin aikinta mafi daraja shi ne wanda ba ya fitowa a hoton talla: gyaran RAM, SSE Engine Fixes, Unofficial Patch da ya toshe dubban kurakuran da kamfanin ya bari. Waɗannan ne suka riƙe wasan, kuma kyauta aka yi su. Shi ya sa abin da ya faru a Nuwambar 2021 ya yi wa mutane ciwo, lokacin da sabuntawar Anniversary Edition ta karya yawancin mod masu dogaro da SKSE, masu su suka koma gyaran abin da da ma lafiyarsa ƙalau. Kamfani yana da haƙƙin sabunta kayansa, amma wanda ya ci moriyar aikin sa-kai na shekara goma ya kamata ya sauƙaƙa wa mutane zama a kan tsohon zubi. OpenMW, sabon injin da masu sa-kai suka rubuta wa Morrowind daga tushe, ya nuna iya nisan da jama'a za su je in bango ya ƙi gusawa.

Ɗaya gefen kuma ya fi damuna. Tun da manhajar Wabbajack ta zo a 2019, mutum na iya sauke jerin mod ɗaruruwa ko fiye da dubu da wani ya riga ya daidaita. Wannan alheri ne ga wanda ba shi da lokaci. Sai dai manyan jerin suna cin ɗaruruwan gigabayit, suna neman katin hoto na zamani, har wasan 2011 ya koma nauyin da ya fi na sababbi da yawa. Al'adar da ta fara da tsawaita ran tsohon wasa a kan na'ura mai rauni tana neman zama ta masu hali, kuma ilimin jeri da sulhunta fayil yana komawa hannun 'yan kaɗan.

Mai karatu da ke da tsohuwar laftof a Kano ko Damagaram, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ga tsadar data, yana da ƙarin bangon da waɗancan jerin ba su lissafa da shi ba, domin furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu. Kada hotunan da kake gani a intanet su sa ka zaci ba naka ba ne. Ka fara da gyare-gyaren inji, ka tsaya a hotunan 1K ko 2K, ka riƙa ƙara mod kaɗan-kaɗan kana gwadawa, kada ka cire mai rubutun umarni a tsakiyar wasa. Kafin ka kai kuɗinka kasuwa kuma, ka buɗe ma'aunin kwamfutarka ka duba ko katin hoton ne ya cika, ko furosesa ne, ko zafi.