Gawa Ma Tana Ba da Shaida: Sharhi Kan Labaranmu na Kisan Kai

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki babi-babi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ko finafinai masu dogon zango a YouTube, ya ga yadda labaran kisan kai suka yawaita. An tsinci gawar Alhaji a falo, amarya ta mutu bayan ta ci tuwon kishiya, an tsamo almajiri daga rijiya. Marubutanmu sun iya ƙulla zaren har mai karatu ya kasa ajiye waya. A wajen warwarewa ne ake samun tangarɗa. Galibi ɗayan uku ne: wata ta laɓe a bayan labule ta ji sirri, ko boka ya tona asiri, ko a kai wanda ake zargi caji ofis a jibge shi har ya amsa laifi. Ita kuwa gawar, an yi mata wanka an kai ta makwanci tun a babi na biyu, ba wanda ya duba ta.

Hanya ta ukun ta fi damun mu, domin tana koya wa mai karatu cewa amsa laifi shi ne ƙarshen magana. Labarin shari'ar kisan kai ta farko da aka yi amfani da gwajin DNA a cikinta ya ishe mu darasi. A 1983 da 1986 an yi wa wasu 'yan mata biyu masu shekara 15 fyaɗe an kashe su a ƙauyuka biyu maƙwabta a yankin Lesta ta Ingila. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe ta biyun. Sai aka nemi Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta, wanda ya gano dabarar gwajin a 1984, ya tabbatar musu cewa yaron ne ya yi duka biyun. Sakamako ya nuna mutum ɗaya ne ya aikata, kuma ba yaron ba ne. An ɗebi jini da miyau na maza kusan 5,000 ba a dace ba, saboda mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Suɓutar bakin abokin a mashaya ce ta kai ga kama shi a 1987, gwaji ya tabbatar, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988.

A labarin nan ma akwai wadda ta ji sirri ta kai rahoto, amma ba a tsaya kan ji ba sai da aka gwada. Da irin ɗan sandan littattafanmu ne, da yaron ya ƙare rayuwarsa a kurkuku, mai karatu kuma ya rufe littafi yana murna. Alhali tun 2017 Najeriya ke da dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta kuma hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da duka. Marubucin da ya mai da mai kulki gwarzon labarinsa yana yabon abin da doka ta kira laifi.

Wani zai ce ai ba mu da kayan aiki, wane ɗakin gwaji za a sa a labarin da ya faru a ƙauye? Amsa ita ce yawancin abin da gawa ke faɗa ido da sani yake buƙata. Idan zuciya ta tsaya, jini yakan taru a ɓangaren jikin da ke ƙasa, kuma bayan awa 8 zuwa 12 alamarsa ba ta ƙara gusawa. Wanda aka tarar a kife amma jinin ya kwanta a bayansa, an juya shi bayan ya cika. Sandarewar gaɓɓai tana farawa cikin 'yan awoyi, ta kammala wajen awa 12, sannan ta saki, kuma zafin bazara yana gaggauta komai. Ƙuda yana sauka cikin mintoci ya yi ƙwai, girman tsutsa yana nuna kwanakin da aka yi. Wanda ya mutu a gobara, idan aka sami baƙin hayaƙi a maƙogwaronsa, yana numfashi wuta ta ci shi. Idan babu, akwai tambaya. A labarin guba, kwanon da aka yi saurin wankewa kafin kowa ya iso shi kansa babi ne guda.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna majalisin tafsiri ya san yadda aka warware zargin da aka yi wa Annabi Yusuf (AS): an duba rigarsa, ta gaba ta yage ko ta baya.

Sai dai kada mu tsere wa boka mu faɗa hannun na'ura. Tun da shirin CSI na Amurka ya fara a 2000, 'yan kallo suka saba ganin kwamfuta ta haska fuskar mai laifi cikin daƙiƙa. Mun fara ganin kwaikwayon haka a wasu rubuce-rubucenmu: jami'i ya ɗauki gashi ɗaya da safe, kafin la'asar ya san sunan makashi. Wannan boka ne sanye da farar riga. A 2004, bayan harin bam a jiragen ƙasa na Madrid, ƙwararrun FBI sun ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya Musulmi ne a jihar Oregon. Ya yi mako biyu a tsare kafin 'yan sandan Sifen su gano na wani ɗan Aljeriya ne. A 2015 FBI ta amince cewa masu nazarin gashinta sun ba da shaida mai kuskure a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa. Ƙwararre ma mutum ne, yakan ga abin da yake son gani.

Babban abin da marubutanmu ke bari a ƙasa shi ne lokaci. Muna gaggauta suturta mamaci, kuma iyalai da yawa ba sa yarda a feɗe gawar ɗan uwansu. Hujja kuwa ba ta jira. Mawaƙi Mohbad ya rasu a Legas ranar 12 ga Satumba, 2023, aka binne shi washegari, aka tono shi ranar 21. Daga baya likitan da ya duba gawar ya shaida wa kotun binciken mutuwa cewa ruɓewa ta hana a gano musabbabi.

A ɗauki wannan a kawo cikin gida. An sa jana'iza bayan azahar, ana ɗinka likkafani, mai wanka ta ga shaida a wuyan mamaciya. Uwar tana son a bincika, uban ya ce a bar wa Allah, dangin miji suna cewa a rufa asiri. Mai wankan za ta yi magana ko za ta yi shiru? Awa uku ne tsakaninta da ɗaukar makara, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da mai karatu zai tausaya mata. Marubucin da ke son rubuta wannan babi ya fara da ziyartar wata dattijuwa mai wankan gawa a unguwarsu da wani likita a asibitin koyarwa mafi kusa, ya tambaye su abin da idonsu ya gani.