Tsuntsun da ya ƙi mutuwa

A watan Fabrairun 2014, Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, ya janye wasansa Flappy Bird daga kasuwannin manhajar waya alhali yana cikin ganiyarsa. Ba a jima ba tsuntsun ya sake ɓulla cikin na'urorin da aka daɗe da yi wa jana'iza, irin su Commodore 64 ta 1982 da Game Boy ta 1989. Masu sha'awa ne suka sake gina shi, kuma galibi da manhajar kwaikwayo ake buga shi, wadda ke sa waya ko kwamfuta ta ari halin tsohuwar na'ura.

Ba duka aikin ne ya yi armashi ba. Allon Game Boy ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, da inuwar launi huɗu kacal. Flappy Bird ya zauna daram a wannan ƙunci, haka ma Canabalt da aka mayar kan Commodore 64 a 2011, domin ransu duka maɓalli ɗaya ne da sanin lokacin taɓa shi. Angry Birds na jabun kaset ɗin Famicom kuwa miya ce ba gishiri: daɗinsa yana ga yatsan da ke jan ɗanko bisa gilashi, an kuwa raba shi da yatsan.

A Turai begen ƙuruciya ke tura wannan sana'a. A Arlit da Akokan zancen ya sha bamban. Garin da fim ɗin Idrissou Mora-Kpai na 2005 ya tuna da laƙabinsa na Paris ta biyu ya san abin da ke biyo baya in kamfani ya ja ƙofa, kamar yadda COMINAK ta yi ran 31 ga Maris 2021. A wannan yankin ne waƙoƙin Mdou Moctar suka bi katin waya da Bluetooth, hannu zuwa hannu, tun kafin kamfanonin faifai su san da shi. Nintendo na da hujjar kare sababbin wasanninta, har ta karɓi diyyar dala miliyan 2.4 daga masu Yuzu a 2024. To amma binciken Video Game History Foundation na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin Amurka ba sa kasuwa. Wa ke riƙe da su in ba masu kwafa ba?

Saura harshe. Tsofaffin na'urorin nan suna zana harafi cikin murabba'i mai ɗigo 8 sau 8, kuma mai haƙuri yana iya sauya shi. Hausa murabba'i huɗu take nema: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Tifinag kuwa, da ɗigo-ɗigonta da miƙaƙƙun layukanta, sai ka ce don wannan allon aka ƙago ta.